Ranar da Na Yar da Surukina a Bakin Hanyar Mungadi

Akwai wata magana da uwarku take jefa mini duk lokacin da ta ga na cika baki a tsakar gida, wai ni ne mutumin da ya taɓa yar da tsohon mutane a daji ya gudu. Ku kuma sai ku kwashe da dariya, har ƙaramarku ta kai maganar makaranta. To, tun ina da raina da haƙorana, bari in rubuta yadda abin ya faru, kada wata rana ku gaji ƙarya. Na yar da shi, wannan gaskiya ne. Amma ba daji ba ne, bakin gona ne, kuma ban gudu ba, tafiya na yi da ɗan sauri. Da ban yar da shi ba kuwa, da yanzu ba a Jega kuke ba, da rabinku ma ba a haife ku ba.

Kakanku na wajen uwa, Alhaji Modi, Allah ya jiƙansa, mai sayar da yadi ne a Sakkwato, dogon mutum mai tsadar magana. In ya yi maka jimla uku a jere, ka je ka yi sadaka, ranar sa'arka ce. Abu biyu aka san shi da su, riƙon alkawari da sanin miya. An ce in ya shaƙi ƙamshin tukunya daga zaure, yana iya faɗa maka garin da aka yi daddawar da ke ciki, har da unguwa, har da ko mai yin ta tana fushi da mijinta a ranar. Uwarku ce 'yarsa ta fari, mahaifiyarta kuma ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka ta zamar masa tsoka ɗaya a miya. Bai taɓa kiran sunanta ba don kunyar 'yar fari, sai dai ya ce "wagga yarinya". Lokacin da na nemi aurenta ina ƙaramin akawu a ma'aikatar ayyuka, bai tambayi albashina ba, bai tambayi ɗakina ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, kada in fitar da ita daga jihar Sakkwato. Ni kuwa na dafa ƙirji a gaban dattawa na ce ko gwamna aka ba ni a wata jiha, sai dai su nemi wani. Me zai hana in yi alkawari? Garinmu Jega a cikin jihar yake, kuma ban taɓa jin inda gari ya yi ƙaura ba.

Sai ga shi wata rana rediyo ya ce an yanke Kebbi daga Sakkwato. Ina zaune a kan tabarmata ban motsa ba, amma garinmu ya tattara kasuwarsa da gulbinsa ya fice daga jihar. Aka ce duk ma'aikacin da asalinsa na can ne ya koma gida ya yi wa sabuwar jiha aiki, ni aka tura ni Jega. Na yi murna kamar kowa, har rawa na taka a ofis, sai da na zo tsakiyar rawar na tuna da abin da na faɗa a gaban dattawa. Washegari na je na durƙusa a zauren kakanku.

"Baba, kun dai ji abin da gwamnati ta yi."

"Na jiya."

"To, an mayar da ni Jega. Shi ne na ce ko za a duba maganar iyali."

"Mi kac ce ranar da anka ɗaura aure?"

"Na ce ba ni fitar da ita daga jihar Sakkwato. Amma Baba, ai Jega tana nan inda take, ko taku ɗaya ba ta yi ba."

"Cikin wace jiha take yau?"

Na sunkuyar da kai ina ƙirga zaren tabarma.

"Alkawali kaya na," in ji shi. "Wanda yad ɗauka shi ka kai shi."

Haka na tafi Jega ni kaɗai kamar gwauro, na sauka a gidan Inna, kakarku ta wajena. Duk ƙarshen mako ina kan hanyar Sakkwato, har direbobin tasha suka fara ajiye mini kujera ba tare da na yi magana ba. Na rame har wandona ya fara neman wani mai shi. Uwarku kuwa tana can da babban yayanku a goye da wani cikin, tana son ta biyo ni, amma ko za a yanka ta ba za ta tsallake maganar mahaifinta ba. Abu biyu suka rage mini, ko in ajiye aikin gwamnati in koma Sakkwato in zauna ba sana'a, ko in ci gaba da zaman aure na ranar Asabar har in tsufa. Ita ce ta fara haska mini hanya. Ta ce Baba ba Jega yake ƙi ba, bai ma san ta ba, bai taɓa wuce Tambuwal ta wannan hanya ba. A zuciyarsa duk abin da ke bayan nan ƙauye ne, inda 'yarsa za ta je ta rame ba mai dubanta. A daidai lokacin kuma wani abokin aikina da ya yi kwas a Turai ya ba ni labarin cewa mutanen can sukan tashi takanas su yi ta yawo gari gari, ba biki ba ta'aziyya, don kawai su ci abinci su ɗanɗani ruwan inabinsu mai bugarwa. Na ce wannan na biyun Allah ya raba mu da shi, muna da fura wadda in ka sha ta da rana ita ma tana kayar da mutum, kuma ba zunubi. Amma na farkon ai dabara ce. Mutumin da yake auna gari da miyarsa, a kai shi ya ci miyar. Don haka in kun ji ana maganar yawon shaƙatawa a jihar Kebbi, ku sani ubanku ne ya kafa shi, ko da yake har yau ba a ba ni lambar yabo ba.

Na koma zauren na ce ina roƙon ya raka ni ƙasarmu kwana biyu.

"Wa yar rasu?"

"Ba kowa, Baba."

"Biki na?"

"A'a. Mu dai je mu gani, mu ci abinci, mu dawo."

Ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya fara tsince-tsince a bola. Can ya ce, "Gari nawa?"

"Uku. Aliero, Jega, Maiyama."

"Na ɗauka. Amma in na gani, ni ka yanke magana, in kuma na yanke ta yanku."

Lokacin kaka ne, gonaki sun yi nauyi. Na aika wa dangi saƙo ko'ina cewa a yi girkin da ba a taɓa yi ba tun da aka kafa tukunya. Na ari motar wani abokina, na wanke ta har tana ɗaukar ido, na saka babbar rigata ta Sallah, muka kama hanya da hantsi. Shi yana baya, ni ina tuƙi ina ba shi tarihin kowace bishiya, yana amsa mini da "Uhm".

Aliero ba a shigarta sai ta fara shigarka. Tun daga nesa ƙamshin albasa yake tare ka ya yi maka sannu da zuwa. Albasar garin nan, ku da kuka taso kuna ganinta ba ku san darajarta ba. A zamanin can akwai wadda sai mutum biyu sun mirgina ta, kuma na ji an taɓa yanka guda ɗaya da safe, mutanen Jega suka yi ta share hawaye har azahar ba su san dalili ba. Kawu Nomau, ƙanen Inna, manomin albasa ne, shi ya tarbe mu. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka fara shigo da kwanuka kamar ba za a daina ba. Ga masa mai zafi tana ninƙaya cikin man shanu, ga farfesun kan rago da albasa ta narke a ciki ta zama romo, ga dambu, ga fura a ƙwarya ta sha nono har ludayi yana tsayawa da kansa. Na saci kallon kakanku, na ga hancinsa ya motsa. Na ce a raina, shi ke nan, uwar 'ya'yana ta iso Jega.

Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya gutsuri gefen masa kamar girman farce, ya kai baki.

"Alhamdu lillahi. Allah shi ƙara arziki."

Ya sake wanke hannu. Sai na tuna, ai suruki ba ya cin abinci a gaban mijin 'yarsa. Tun da na auri uwarku ban taɓa ganin muƙamuƙinsa yana tauna wani abu ba in ban da goro. Na miƙe na ce zan gaisa da mutanen cikin gida. Na fita, na zaga masallaci, na tsaya na yi wa wani jaki nasiha, na dawo. Komai yana nan yadda na bar shi, sai dai man shanun ya daskare. Kawu Nomau yana ta "A ƙara mana, Alhaji," shi kuwa yana ta "Na ƙoshi ƙwarai." Kafin in samu in lallaɓa in jefa wani abu a bakina, har ya miƙe yana gyara riga. Muka bar Aliero ni da shi cikinmu wayam, bayan mota kuwa cike da albasar tsaraba.

Na ce ba komai, Jega tana gaba. Na zaga da shi kasuwa, wadda in ka shiga da safe kana neman allura, sai ka fito da yamma da raƙumi. Na kai shi bakin gulbi ya ga masunta suna fito da giwan ruwa mai tsawon ƙyauren zaure. Muka bi ta layin masu gashi, hayaƙin kifi da na tsire ya rufe mu, na ga ya rage tafiya. Na yi maza na ce ko a naɗo masa kaɗan ya taɓa.

"A kasuwa?"

Kalma biyu ke nan, amma sai da na ji kamar an tuɓe ni. Da magariba na yi wayo, na sauke shi a ɗakin baƙi na gidanmu shi kaɗai, na sa aka kai masa akushi aka ja ƙofa, ni kuma na yi nisa har ba ya jin tarina. Inna da kanta ta tsaya a kan girkin, tuwon shinkafa mai laushi kamar auduga, da miyar ɗanyen kifi wadda maƙwabta suka riƙa aiko yara tambayar ko suna ake yi. Bayan sallar isha'i aka fito da akushin. Wani ɗan rami ne kawai a gefen tuwon, kamar kaza ta yi koto sau ɗaya aka kore ta. Inna ta dubi akushin, ta dube ni.

"Sahabi, zo nan. Wa yab ba ka wagga dabara?"

"Ni da kaina, Inna."

"Na sani, ta yi kama da kai. Uban ɗiyar hwari ka kawo gidan surukai shi ci tuwo? Akushi shi koma ba komi, gobe a ce Alhaji Modi da yunwa yaz zo Jega? Ko mutuwa zai yi ba shi ci."

"To a kai masa gidan maƙwabta mana."

"Waɗanne? Daga nan har gulbi, nuna mani ƙohwar da ba danginka ba."

Ta jawo faifai ta rufe akushin, ta ɗora dutsen niƙa a kai kamar mai rufe rijiya.

"Kai ma ba ka ci sai baƙonka ya ci."

A nan na gane irin ramin da na haƙa da hannuna. Zaman birni da cin abinci a ofis sun sa na manta abin da kowace tsohuwa ta sani. Mutumin nan katanga uku ta kewaye shi. Ba ya ci a gabana, ba ya ci a gidan dangina, ba ya ci a kasuwa. Ni kuwa na ɗauko shi na jera masa gidajen dangina daga farkon tafiya har ƙarshenta, na kuma tsaya a kansa kamar dogari. Na gayyaci masanin miya ya zo ya ci ƙasarmu, na sa shi azumin da ba lada.

Da safe aka kai masa koko da ƙosai, ya kurɓi kokon sau ɗaya ya turo. Ya fito idanunsa sun faɗa, goro ya ƙare masa, fuskar nan kamar an aiko masa da sammaci.

"Kai ni gida. Na ga gari."

Na san in muka juya a haka, cikin da ba komai ne zai yanke hukunci, kuma ciki mai yunwa bai taɓa yi wa kowa adalci ba. Na durƙusa na tattaro ɗan ƙarfin halin da ya rage mini.

"Baba, gari uku kunka ce."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya buɗe mota ya shiga. Mai riƙon alkawari da alkawari ake kama shi.

Muka ɗauki hanyar Maiyama, ni kuwa ban san abin da zan je yi ba, domin can ma gidan ɗan'uwan babana ne aka yanka zabbi ana jiranmu. Ba mai magana a motar sai cikunanmu. Nasa ya yi ƙugi daga baya, nawa ya amsa daga gaba, har suka saba da juna suka fara hira. Rana ta take, muna gab da Mungadi, sai na hango wata babbar gonar dawa a gefen hanya cike da maza suna girbi, ana waƙa ana ɗaure dammuna. Gayya ce. Daga can ɓangaren ƙauye kuma ga mata sun jero da ƙorai da akusa a ka, sun nufo inuwar wata ɗorawa. Ban san sa'ad da dabarar ta faɗo mini ba. Na riƙa taka mai ina saki, motar ta yi ta tari kamar tsohon da ya shaƙi barkono, na gangara gefe na kashe ta. Na fita na buɗe gabanta, na leƙa ciki ina girgiza kai kamar na san abin da nake kallo.

"Baba, ruwa take so. Bari in nema."

Na shimfiɗa masa darduma a gindin wata bishiya, na tuɓe babbar rigata na jefa a mota, na ɗauki jarka, na ratsa cikin dawa. Na tambayi mai gonar, aka nuna mini wani kakkauran dattijo, Malam Arzika. Na ja shi gefe.

"Malam, ni direba na. Wancan tsohon da ka hanga, matahiyi na daga Sakkwato, haya ya ɗauke ni. Tun jiya bai sa komi a cikinai ba, kuma yana da kunya ƙwarai."

"Tun jiya? Kai kuwa kana ina?"

"Ina tuƙi."

"Allah wadan direban zamani."

Na karɓi zagin da hannu biyu, domin ban taɓa jin zagi mai daɗinsa ba. Na wuce kamar mai neman rafi, na zagaya na laɓe a bayan wani tsibin kara inda nake ganin komai. Malam Arzika ya je da mutum biyu suka gaida kakanku, suka taso shi zuwa inuwar ɗorawa. Na ga yana ɗaga hannu yana cewa ya ƙoshi. Iska ta kawo mini muryar mai gonar.

"Alhaji, tuwon gayya ba shi da mai shi. Mu nan ba mu ci baƙo na kallo. In ba ka sa hannu ba, waɗanga mutane dut da yunwa za su koma aiki, alhakinsu na wuyanka."

Kakanku ya duba gabas, ya duba yamma, ya duba wajen mota. Ba ni, ba mai kama da ni. Ya naɗe hannun riga. 'Ya'yana, na ga abubuwa a duniya, amma ban ga kamar wannan ba. Tuwon dawa ne sabon girbi, da miyar kuka wadda aka dafa da busasshen kifi aka kwarara mata man shanu. Lomar farko ya rufe ido. Ta biyu ya gyara zama. Daga nan na daina gane hannunsa, sai dai in ga akushi yana ƙasa yana ƙasa. Aka turo masa wani, bai ce a'a ba. Aka kawo gasasshiyar zabuwa, ya raba ta da ƙasusuwanta cikin mutunci. Aka miƙo ƙwaryar fura, ya kafa kai, na rantse sai da na ga rigarsa tana cika kamar ana hura ta. Har dariya na ji ya yi. Mutumin da na yi shekaru ina zaton ba a halicce shi da haƙoran gaba ba.

Ina cikin wannan kallo sai na ji an dafa kafaɗata. Wata 'yar tsohuwa ce cikin masu kawo abinci, ta zagayo neman itace. Ta ƙura mini ido, ta karkata kai.

"Kai, wanga goshi na san shi. Ba kai na Sahabi ɗan Hassi ta Jega ba?"

Hassi sunan Inna ke nan.

"Ni ta Tumba, ɗiyar ƙanwar kakarka. Arzika ai ɗana na. Bari in kira shi shi ga ɗan'uwanai."

Inna ta faɗa, ƙasar nan duk danginmu ne. Na bar gida na bar kasuwa na zo tsakiyar gona, ashe nan ma akushin surukai ne a gaban kakanku, kuma bai gama ci ya wanke hannu ba. Na zube a gabanta na kama ƙafarta, na zayyana mata komai cikin raɗa, tun daga alkawari har dutsen niƙa. Ta toshe baki da gefen zane tana dariya har tana hawaye.

"To na yi shiru. Amma ba a cin tuwon gayya banza. Shi baƙo na, kai kuwa ɗan gida na. Tashi ka ɗauki dami."

Haka akawun gwamnati, da wandon shadda da takalmin Sallah, ya shiga layin masu kai dawa bakin rumbu. Damin farko da aka aza mini, na ji wuyana ya shige cikin ƙirjina, har yau ina jin na fi da gajarta. Ƙaiƙayi ya cika mini riga, yunwa tana nuna mini taurari da rana tsaka, ga shi hanyar ta bi ta gaban ɗorawar nan. Ina wucewa ina haki sai na ji wani ya ce, "Alhaji, ga mugun direbanka can, ya bar neman ruwa." Kakanku ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa, dami a kaina, zufa tana ɗiga daga haɓata.

"Ku bar shi," in ji shi. "Ba mugu na ba. Surutu dai."

Da la'asar ta gabato aka sallame mu. Suka rako shi har mota ana ta addu'a, aka cusa masa zangarniyar dawa da ƙullin kuka. Gwaggo Tumba ta tsaya daga nesa tana kallon sama kamar ba ta taɓa ganina ba. Na zuba ruwan jarka a inda na ga dama, na tayar da mota, ta tashi lafiya lau. Ban yi nisa ba kakanku ya ce in tsaya. Na tsaya, na ce a raina yau ƙaryar ruwa ta ƙare. Ya zaro wani ƙunshin ganye daga cikin babbar rigarsa ya ajiye a kujerar gefena. Rabin zabuwa ce da curin fura. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya yi 'yan taku, ya tsaya ya juya mini baya, ya goya hannuwa yana kallon gonaki kamar wanda zai saye su.

Ban tsaya neman fatawa ba. Na afka wa zabuwar nan, ina cusawa ina haɗiya, har na cika baki taf. A daidai nan ya yi magana, bai juyo ba.

"Tsohuwar da tak kawo hura, goshinku guda."

Na daskare da cinyar zabuwa a baki.

"Ban tambaya ba. Kai ma kada ka hwaɗa mani."

Iska ta kaɗa masa riga, ya ci gaba.

"Mutanen ga ba su san sunana ba sunka ciyar da ni. Inda aka yi ma baƙon hanya haka, wadda anka sani ba ta kwana da yunwa. Na sauke maka kayan da kad ɗauka. In za ka zo ɗaukar wagga yarinya, ka zo da babbar mota, tukwanenta na da yawa."

Ni da aka sani da magana tun daga Jega har Sakkwato, ni da ban taɓa rasa amsa ba ko a gaban alƙali, a ranar da na fi kowace rana bukatar in yi godiya, bakina cike yake da zabuwa. Na yi ta ƙoƙarin haɗiyewa, hawaye suna zubo mini, ban san ko na murna ba ne ko na barkono. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne "Uhm".

"Madalla," in ji kakanku. "Ci a hankali. Ina nan ina kallon dawa."